Muryar Baba a Cikin Tsohon Had-dis

Ni malamin firamare ne a Daura, shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alli. Sanina da kwamfuta bai wuce abin da aiki ya tilasta mani ba: in buga tambayoyin jarrabawa, in tara makin yara, in rubuta takardar neman izini. Wata laftof ce gare ni ƙirar HP, ta hannu, wadda na saya da kuɗin adashe. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take aiki, amma tana yi mani abin da nake so, ni ma ban taɓa neman ta da fiye da haka ba.

A watan Afrilun 2020 aka kulle Daura saboda korona. Makarantu dama tun watan Maris aka rufe su. Ba kasuwa, ba zaman majalisa a ƙofar gida, kowa na cikin gidansa. Mahaifina a lokacin ya kai shekara tamanin, ido ya yi rauni, amma kai garau yake. Shi ma tsohon malamin makaranta ne. An haife shi zamanin Sarki Abdurrahman, kuma yana cikin aji yana koyarwa Sarki Muhammadu Bashar ya hau gadon sarauta a 1966. Mutum ne mai son hira, sai ga shi an raba shi da abokan hirarsa. Wata rana bayan la'asar na tarar da shi zaune a zaure shi kaɗai yana jan carbi, na zauna kusa da shi na ce, "Baba, wai kakanninmu daga Zango suka dawo, ko dama a nan suke?" Ya gyara zama. Da na ga maganar za ta yi tsawo sai na ciro waya na danna ɗaukar murya, na ajiye ta kan buzu.

Haka muka fara, kuma ko da aka buɗe gari ba mu daina ba. Ya ba ni salsalar gidanmu har kaka na bakwai, da wanda ya auri wace, da wanda ya tafi fatauci Damagaram ta Kongolam bai sake dawowa ba. Ya ba ni yadda ake hawan Sallar Gani yana yaro, da yadda ake ɗiban ruwa a Kusugu kafin a gyara wurin yadda yake yau. Ya rera mani waƙoƙin da kakarsa ke yi a bakin dutsen niƙa, wani lokaci ya tsaya a tsakiya ya yi shiru ya ce baitin ya ɓace mashi, gobe kuma ya tashe ni da shi tun da asuba. Ya faɗi iyakar kowace gona tamu, daga wane gawo zuwa wace kuka, da waɗanda suka shaida ranar da aka raba. Duk sa'ad da wayata ta cika sai in kwashe in zuba a laftof in goge na wayar. A hankali na fara zama da dare ina sauraro ina bugawa, har na haɗa shafi casa'in da wani abu.

Bayan shekara biyu Allah ya yi mashi rasuwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Abin da ya bar mani na murya ya kai guda 143, kuma duk duniya wuri ɗaya suke: cikin wannan laftof mai mataccen batir.

Wani dare ina shirin kashe ta sai ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kar a kashe. Na bar ta a kan tebur na je alwala. Ina tsakar gida aka ɗauke wuta. Ban ɗauki abin da zafi ba, don ba ranar aka fara ba. Da safe da wuta ta dawo na kunna, tambarin HP ya fito, 'yan ɗigon nan suka yi ta zagaye, sai fuskar ta koma shuɗiya ta ce tana ƙoƙarin gyara kanta. Ta mutu, ta tashi, ta sake faɗin haka. Na zauna gabanta har aka kusa buga ƙararrawar shiga aji, tana ta maimaita abu ɗaya.

Da aka tashi makaranta na kai ta wurin wani mai gyara. Yaro ne mai ladabi, ya karɓe ta da hannu biyu, ya kunna, ya duba bai fi minti ɗaya ba ya ce, "Malam, Windows ce ta tashi. Sai dai a yi fomat." Na ce to, a yi abin da ya kamata. A sanina fomat wani gyara ne kamar wankin kafireto, a wanke a mayar. Ya soka filash ɗinsa, ya danna nan ya danna can, har aka zo wani wuri da ya nuna layuka uku ko huɗu da lambobi a gefensu. Ya ɗora kibiyar a kan mafi girma. Ban san abin da ya sa ba, bakina ya ce, "Muryar mahaifina fa, tana nan ko?" Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Malam, akwai abin da ba ka da shi a wani wuri?" Na ce duka. Ya janye hannunsa daga kan kwamfutar ya ce, "In na danna nan, komai ya tafi."

Har gobe ina yi wa yaron nan addu'a don gaskiyar da ya faɗa mani. Amma kuma abin na tsaya mani a rai, don da ban yi magana ba da bai tambaya ba. Ba mugunta ba ce, sabo ne. Mafi yawan masu kawo mashi kwamfuta finafinai ne da waƙoƙi a ciki, in sun tafi a sake turo wasu. Fomat ta zama kalmar farko a bakin masu gyara da yawa, alhali ita ya kamata ta zama ta ƙarshe, bayan an tambayi mai kaya an kuma sake tambayarsa. Na san wata malama a makarantarmu da ta rasa hotunan ɗanta da ya rasu ta wannan hanya, kuma ba ta ma san abin da ya faru ba sai da ta koma gida ta buɗe.

Na ɗauko laftof ɗina na sa a jaka. Kwana uku ban faɗa wa Inna ba. Takan ce in kunna mata Malam in dare ya yi, sai in ce wuta ba ta da ƙarfi. Ban iya cin abinci sosai ba. Abin da ya fi cina shi ne lissafin da na yi daga baya: duk muryoyin nan in an haɗa su ba su kai gig shida ba. Filash ɗaya ƙarami ya ishe su. Shekara da shekaru ina wucewa ta gaban masu sayar da shi.

Ranar ta huɗu na kira Yaya na faɗa mata, don na kasa riƙewa ni kaɗai. Ta yi salati ta yi shiru, can ta ce, "Bari in haɗa ka da 'yarka." Ɗiyarta ta biyu tana karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Sunan Inna ta ci, shi ya sa ba mai kama sunanta a gidanmu, ni Uwata nake ce mata. Ta saurare ni har na gama, ta yi mani tambaya uku: ko na ji tana wani ƙara kamar ƙwas-ƙwas daga ciki, ko ta taɓa faɗuwa, ko mai gyaran ya danna wani abu a wurin layukan nan. Na ce a'a duka. Ta ce, "Kawu, kar ka sake kunna ta. Ko sau ɗaya. Ina zuwa ranar Asabar."

Ta iso da hantsi, ta sha tafiyar nan ta wajen kilomita tamanin a motar haya, da jakar goyo da 'yar leda. Bayan ta gaida kakarta ta ci fura, muka shimfiɗa tabarma a zauren da Baba ke zama. Kafin ta taɓa komai sai da ta fahimtar da ni, kuma bayanin nata ne ya fara kwance mani ƙullin da ke ƙirjina.

Ta ce, "Kawu, Windows daban, kayanka daban. Rumbu ɗaya kawai suka haɗa. Abin da ya faru, ana cikin canza ƙofar rumbun aka ɗauke wuta, tsohuwar an cire, sabuwar ba a gama kafawa ba. Hatsin na nan ciki ba abin da ya same shi, hanyar shiga ce babu. Fomat kuwa rushe rumbun ne da hatsin a ciki don a samu wurin gina sabo."

Na ce to yanzu ƙaƙa za a yi?

Ta ce, "Sabon rumbu za mu gina a gefe. Wannan ba za mu taɓa shi ba."

Ta buɗe ledar ta nuna mani abin da ta sayo da kuɗin da na tura mata. Ɗaya wani ɗan abu ne baƙi, shafal kamar ba komai a ciki, shi ne SSD mai gig 256. Ta ce tsohon had-dis faifai ne a ciki yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke bin sa tana karantawa, shi ya sa yake tsufa kuma ba ya son jijjiga. Shi wannan sabon ba abin da ke motsi a cikinsa. Ɗayan kuma 'yar akwati ce ta roba mai igiyar USB, wadda ake sa had-dis a ciki ya koma kamar babban filash. Na uku filash ne mai gig 8 da ta riga ta sauke Windows 10 a kai daga shafin Microsoft, ta ce a makaranta ta yi don yana cin data sosai, kuma duk abin da ke kan filash gogewa yake in za a shirya shi.

Ta kife laftof ɗin, ta zare batir, ta kwance kusoshi da ƙaramin sukudireba tana jera su a cikin murfin kwano don kar su ɓace. Ta zaro tsohon had-dis ɗin a hankali. Bai kai tafin hannuna ba. Ta miƙo mani ta ce, "Riƙe, Kawu. Malam na nan ciki." Na riƙe shi da hannu biyu, idona ya kawo ruwa, ban ɓoye mata ba.

Na zaci sabon za ta fara sawa, sai ta ce a'a, kwasar kaya ce farko. Ta sa tsohon a 'yar akwatin ta jona da tata laftof. Ta gargaɗe ni tun kafin ya buɗe: wani lokaci kwamfuta kan fito da saƙo ta ce sai an yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi, kuma mutane da yawa a nan suke yanka kansu da kansu, su danna "to" cikin sauri. Ta ce in na taɓa ganin haka in zare igiyar kawai in nemi wanda ya sani. Ta kuma ce akwai kwamfutocin da ke kulle faifansu da wani abu BitLocker, wanda in ba ka da mabuɗinsa mai lamba 48 ba mai iya buɗe maka. Namu bai tambayi komai ba. Ya buɗe.

Ta shiga folda mai suna Users, ta shiga sunana, kwamfutar ta nemi izini ta ba ta, ta ɗan jima tana tunani. Sai ga Desktop, sai ga Documents. Sai ga folda da na rubuta wa "Hirar Baba" da hannuna.

Ban san lokacin da na yi sujada a kan tabarmar ba.

Uwata ba ta bari murna ta ɗauke mu ba. Ta buɗe wata manhaja mai duba lafiyar faifai, CrystalDiskInfo, ta nuna mani wani wuri da ya kamata ya zama shuɗi amma ya zama ruwan ɗorawa. Ta ce faifan ya fara samun wuraren da ba sa karantuwa, wato ɗauke wutar ta zo ne ta tarar da mara lafiya. Don haka ba za ta kwashi komai a tare ba, abin da ya fi tsada za ta fara ɗauka, ko da zai mutu a hanya. Wannan ne ma ya sa ta ƙi wata dabara da ake yi ta kwafe tsohon faifai ɗungurungum a kan sabo. Ta ce hakan wahalar da shi ne na awoyi, kuma lalatacciyar Windows ɗin za a kwaso a kai sabon gida.

Muka zauna muna kallon koren layin nan yana tafiya. Yakan yi gudu, ya tsaya cik kamar ya mutu, zuciyata ta tsaya tare da shi, can ya motsa. Fayil biyu suka ƙi. Ta tsallake su har sauran suka gama, sannan ta dawo kansu. Ɗaya ya yarda a karo na uku. Ɗayan bai yarda ba, ta gwada ta wata hanya, ta bar faifan ya huce ta sake gwadawa, ya ƙi. Na duba sunansa. Ranar da Baba ya ba ni labarin shigarsa elemantare ce, yadda aka zo ɗaukar yara uwarsa ta ɓoye shi, da yadda daga baya aka kai shi yana kuka. Ban kai ga buga wannan ba. Ina tuna ya yi dariya sosai ranar har da tari, ina tuna gaɓoɓin labarin, amma sunan malaminsa na farko da ya faɗa ya tafi, kuma ba wanda ya rage da zan tambaya. 142 suka tsira. Wannan ɗayan har yau in na tuna shi sai na ji shi a ƙirji.

Sai bayan azahar ta ɗaura sabon SSD ɗin a gurbin tsohon. Na tambaye ta me ya sa ba za ta bar tsohon a jone ba, tunda ga igiya, a yi komai lokaci guda. Ta ce dalili biyu ne. Na farko, a wurin layukan nan da na gani a shagon mai gyara, Windows ba ta kiran faifai da sunan da ka sani. Ba C ba D, sai Drive 0 da Drive 1 da girmansu, kuma girman ma ba ya zuwa daidai da na jikin kwali: mai 500 yakan nuna 465, mai 256 ya nuna 238. Mutum na gajiya ko sauri sai ya goge wanda bai yi niyya ba, ko gwani ne. Na biyu, in faifai biyu na cikin inji lokacin ɗora Windows, takan ajiye 'yan fayilolin da take tashi da su a kan ɗayan ba tare da ta faɗa maka ba. Ranar da ka cire tsohon sai sabon ya ƙi tashi, ka rasa dalili. Ta ce, "Abin da ba ya jone, Kawu, ba a iya goge shi bisa kuskure." Ta ɗauki tsohon ta kai shi can kan taga, nesa da mu.

Sauran aikin bai daɗe ba. Ta soka filash, ta kunna tana danna F9 har jerin wuraren tashi ya fito, ta zaɓi filash ɗin. Da aka zo wurin layukan, layi ɗaya tak ne, fili fetal ba komai a kai. Ko minti talatin ba a yi ba Windows ta hau. Da ta nemi lambar lasisi Uwata ta tsallake, ta ce injin ya riga ya yi rajista tun da can, da ya hau intanet za ta gane shi, haka kuwa aka yi. Laftof ɗin da nakan kunna in je in dawo kafin ta gama tashi, yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Manhajoji kam ba sa biyo kaya, sai da aka sake ɗora Word da sauransu ɗaya bayan ɗaya.

Ta mayar mani da kayana, na buɗe rubutun nan mai shafi casa'in don in ga ko yana nan. Gabana ya faɗi. Duk inda na rubuta ƙasa ya koma }asa, ɗaya ya koma ]aya, ɓarawo ya koma ~arawo. Shafi bayan shafi kamar kaji sun bi ta kai. Na ce, "Uwata, ya lalace." Ta matso ta duba, ta tambaye ni da me nake buga haruffa masu ƙugiya. Na ce wani abokin aiki ne ya sa mani wani salon rubutu tun da daɗewa, in na danna waɗannan alamomin sai ƙa da ɗa da ɓa su fito. Ta ce to rubutun lafiyarsa lau, rigarsa ce aka baro a tsohon gida. Ta sake jona tsohon faifan, ta shiga folda ta Windows, ta shiga Fonts, ta lalubo shi ta ɗora a sabuwar. Na rufe na buɗe, ƙugiyoyi suka dawo wurinsu. Ta ce da mun yi fomat, ko da muryoyin na wani wuri, da wannan sai mun yi yawon nemansa. Daga nan ta koya mani yadda zan musanya alamomin da haruffan Hausa na ainihi waɗanda kowace waya da kowace kwamfuta ke ganewa, ta sa mani allon rubutun Hausa da ke cikin Windows ɗin kanta. Dare biyu na yi ina wannan aikin.

Kafin ta koma ta faɗa mani cewa daga 14 ga Oktoban 2025 Microsoft za ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro, kuma injina ya tsufa da ɗaukar Windows 11, don haka in fara tunanin gaba. Ta sa na sayi filash biyu. Ɗaya na wurin Yaya, ɗaya na aika wa ƙanenmu da ke aiki a Kano, ta kuma ɗora kwafi a Google Drive, inda gig 15 na kyauta ya ɗauke su har da saura. Tsohon had-dis ɗin na naɗe shi a ƙyalle, Inna ta karɓa ta sa a cikin adakarta tare da carbin Baba da tabaransa. Uwata ta ce ba a dogara da shi kuma, amma kar a yar, wataƙila wata rana a samu masu kayan aikin da za su iya ciro ɗayan nan da ya maƙale.

Daren Lahadi, bayan ta tafi, Inna ta ce in kunna mata Malam. Na ɗauko laftof na zauna bakin gadonta, na buɗe na goma sha ɗaya, inda yake lissafa 'ya'yan kakansa. Ta rufe ido tana saurare, tana gyaɗa kai a kowane suna. Da ya zo kan ta huɗu sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Mayar baya."

Na mayar. Ta sake ji.

"A nan Malam ya haɗa mutum biyu. Wadda aka kai Mai'aduwa ba ita ce ta rasu wurin haihuwa ba, ƙanwarta ce. Ni na yi wa ɗiyarta kitso. Ka rubuta haka?"

Na ce yadda ya faɗa na rubuta.

"To bar nashi yadda yake, ka sa nawa a ƙasa."

Na buɗe shafin na sa. Sannan na ciro waya na danna ɗaukar murya, na ajiye ta kusa da matashinta, na ce, "Inna, ita ƙanwar, wa ta aura?"